Shatin Hannu a Jikin Ƙarfe

A wannan masana'antar, ƙarfe ne ke zuwa jinya. Sandar famfo da ta cinye, abin naɗin takarda da ya zaizaye, duk wani ƙarfe mai juyawa da shekaru suka lashe, nan ake kawo shi a bayan mota, a sauke da ƙugiya, a yi masa sabuwar fata. Faɗin yadda ake yi ba wuya. Da farko a yi wa ƙarfen wankan yashi, wato a harbe shi da tsakuwa mai kaifi har jikinsa ya yi kaushi, ya yi fari kamar toka. Sannan a ɗora shi kan injin juyi a ɗakin feshi, a ɗauko bindiga mai aman wuta, a ɗura mata garin ƙarfe, ta narkar da shi ta fesa. Garin ya manne, wani kan wani, har sanda ta koma kaurinta na ƙuruciya. Daga nan mai gurza ya goge ta ta yi sheƙi, masu ita su zo su ɗauka suna ta yaba wa Manaja, wanda bai taɓa riƙe bindigar ba.

Dokoki suna da yawa a bango, amma ɗaya ce ake bi da gaske: tsakanin wankan yashi da feshi, hannu ba ya taɓa ƙarfe. Ko da kan yatsa. Ɗan maiƙon da ke fatar mutum, wanda ido ba ya gani, ya isa ya hana garin kamawa. Feshi zai hau lafiya lau, ya yi kyau kamar gaske, sai an zo gurza ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Kuma ba rubutun bangon ake tsoro ba, Baba Mai Bindiga ake tsoro. Shekararsa talatin da ɗaya a ɗakin feshi. Akwai ranar da aka zagayo da wani babban baƙo mai kwat, ya miƙa yatsa zai shafa wata sanda yana yabawa, Baba ya make masa hannu da safar hannunsa ta aiki. Manaja ya yi mako guda yana ba da haƙuri. Baba bai bayar ko na minti ɗaya ba.

'Yarsa ta fari ita ce mai duba aiki. Ta yi shekara biyar a jami'a tana karatun injiniya, domin ta dawo ta zauna a wani ɗaki mai gilashi, taku ashirin daga inda ubanta ke tsayawa, ta riƙa sa hannu a takarda cewa aikinsa ya yi. A gida “Uwata” yake ce mata. A wurin aiki kuwa “Injiniya”, da wata irin murya da ba a gane girmamawa ce ko tsokana. Shekara huɗu ba ta taɓa mayar masa da aiki ba, har ma'aikata suna gulmar cewa ai 'yar gida ce. Ta so ƙwarai ta samu aibi ko sau ɗaya don ta rufe musu baki. Ta nema da ma'auni, ta nema da gilashin ƙara girma, tsohon bai taimake ta ba.

Ranar Talata da hantsi Dogo mai gurza ya leƙo ɗakinta.

“Injiniya, in kin samu sarari ki ɗan zo wajena.”

“Ma'aunin ne ya sake ɓata, Kawu Dogo?”

“A'a. Zo dai.”

Dogo mutum ne da gaisuwarsa kaɗai ke cin minti biyar, sai ya tambayi lafiyar kowa har da motarta. Wannan gajartar ce ta tashe ta daga kujera.

Sandar famfon ruwa ce a kan injinsa, doguwa, kaurinta ya kai na bokiti, wadda Baba ya fesa jiya da rana. Rabinta ya riga ya yi sheƙi. Dogo ya juya ta a hankali da hannu har wurin ya zo sama, sannan ya ja da baya ya shiga gyara abin da bai lalace ba.

Feshin ya ɓare a wuri guda, ƙarfen asali ya fito baƙi-baƙi a tsakiyar sheƙin. Ba ta buƙaci gilashi ba. Tafin hannun hagu ne sak, da babban yatsa da sauran. Sai dai yatsan da ke kusa da ƙaramin, guntu ne, ya tsaya a gaɓar farko. Injin juyi ne ya cinye wa ubanta sauran tun ba a haife ta ba. Tana ƙarama wannan guntun take kamawa in za su tsallaka titi, don shi ne daidai tafinta.

“Ni dai idona ya fara tsufa,” in ji Dogo, yana kallon rufi. “Abin da na gani kamar taswira. Ko kaza.”

“Kaza, Kawu?”

“Mai buɗe fukafukai. Kuma kin san yashin nan kwana biyu kamar yana da danshi. In kika rubuta danshi, wa zai ce a'a? Yashi ba shi da baki.”

Ta durƙusa tana karanta shatin yadda aka koya mata karanta kowace ɓaraka. Mai son taɓa abu da kan yatsa yake taɓawa, kuma a sama, inda ido ya faɗa. Wannan kuwa a gefe yake, ƙasa-ƙasa, yatsun a ware, tafin gaba ɗaya an danna shi da nauyin jiki, sannan ya zame kusan kamu ɗaya. Ba shafawa ba ce. Mutum ne ya zo faɗuwa ya kama abin da ya samu.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata. Kofin shayin da ya suɓuce wa Baba makon jiya, ya ɗora laifin a kan mariƙinsa. Yadda yanzu yake daɗewa zaune a bakin gado kafin ya miƙe. Da keken da ya ajiye wata biyu, wai don yana son ya ba ta ladan ɗauko uba a mota.

A fom ɗin rahoto akwai layi guda da aka rubuta “Dalili”. In ta rubuta hannu, Manaja zai tambayi na wa, kuma me ya kai shi. Ƙa'idar kamfani a fili take: wanda jiri ke ɗiba ba ya shiga ɗakin feshi, inda wutar da ke narka ƙarfe take taku ɗaya daga ƙirjin mutum, da bututun gas biyu kwance a ƙarƙashin ƙafarsa. Za a karɓi bindigar, kuma ita ta san abin da zai rage na ubanta in an karɓe. In kuma ta rubuta danshi, tsohon zai ci gaba da shiga ɗakin nan kullum shi kaɗai, ƙofa a rufe, cikin ƙarar da ko ya faɗi ba mai ji.

Ta ce wa Dogo ya rufe sandar da buhu. Ta nufi tagar ɗakin feshi ta tsaya.

Baba yana ciki yana ƙarasa wani ɗan aiki. Hular kwano mai baƙin gilashi a kansa, abin toshe kunne, rigar fata har gwiwa. Harshen wutar ya fito siriri, shuɗi daga gindi, fari daga baki, garin yana bin sa kamar yayyafin zinariya. Hannun yana tafiya daga hagu zuwa dama, ya dawo, ba sauri ba jinkiri, tazarar bakin bindiga da ƙarfe ba ta ƙaruwa ba ta raguwa ko da faɗin yatsa. Kamfani ya taɓa aiko wani masani ya auna wannan tafiyar hannun da na'ura don a koya wa wasu. Ya tafi da lambobi cike da littafi, ba a sake jin labarinsa ba. Yau dai ba hannun take kallo ba. Gwiwoyinsa take kallo, tana ƙirga numfashinta, har ya kashe wutar.

Ta bari aka busa hutun rana, wurin ya yi shiru, kowa ya nufi inda kular abincinsa take. Ta same shi zaune kan benci yana kwance igiyar rigar fata.

“Baba, akwai aikin da ya dawo.”

“Na wa?”

“Sandar famfon jiya. Ta ɓare. Hannu ne.”

Ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. “Wane jakin ne? Na rantse Sabon-Zuwa ne. Kullum ina gaya masa, kullum!”

Sabon-Zuwa shi ne mai feshi na biyu. Shekararsa goma sha biyu a wurin, yana da furfura da 'ya'ya shida, amma tunda ba a ɗauki wani bayansa ba, sunan bai samu inda zai koma ba.

“Zo ka gani tukuna.”

Yana gaba tana biye, yana ta zayyana abin da zai yi wa mai hannun, da ubansa, da malamin da ya koya masa aiki, ya manta shi ne malamin. Dogo, da ya hango su, ya tuna yana da uzuri a can ƙarshen fili. Ta yaye buhun.

Baba ya ciro tabarau daga aljihu ya saka. Ya sunkuya. Ta ga leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa. Ya kai kan guntun ya tsaya. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗaga hannunsa na hagu ya kai shi saitin shatin, ya bar ɗan tsakani, bai taɓa ba, duk da cewa yanzu ba abin da taɓawa za ta ƙara lalatawa. Suka yi daidai.

Ta jawo masa kujerar Dogo. Abin mamaki, ya zauna.

“Na ɗauka gadon injin na kama,” ya ce can ƙasa. “Na cire safa zan goge tabarau, sai kawai aka ɗauke wuta. A kaina, ba a ɗakin ba. Da ta dawo na gan ni a durƙushe. Na tashi na mayar da safa na kunna bindiga.” Ya juyo ya dube ta, idonsa ya kaɗa. “Wallahi, Injiniya, da na san ita na taɓa, da na mayar da ita yashi. Ko da zan ce aljani ne ya taɓa. Kin san ni.”

Ta san shi. Mutum ya faɗi a gaban tukwanen gas, ya tashi ya kunna wuta, amma abin da yake rantsuwa a kai shi ne bai ha'inci ƙarfe ba. Dariya da kuka suka taso mata tare, ta danne su duka.

“Sau nawa, Baba?”

“Biyu.”

“Baba.”

“Huɗu. Amma ɗaya a banɗaki ne a gida, wannan ba ruwan kamfani.”

“Umma ta sani?”

“Ta ji ƙarar. Na ce mata bokiti ne.”

Ta zauna a kan wani akwatin kayan aiki, fom ɗin a cinyarta. Ba ta san abin da ya sa ta faɗa ba, wataƙila don ta ji yadda zai yi sauti a bakinta.

“Kawu Dogo ya ce ana iya rubuta danshin yashi.”

“Danshi?” Muryar ta dawo masa nan take. “Yashin da na duba da kaina? A je a zubar da buhu talatin mai kyau, a ci mutuncin mai yashi bai ji ba bai gani ba? Dogo ya tsaya a gurzarsa. Karatun da kika yi ke nan? Ciro biro.”

Ta ciro.

“Rubuta: hannun mai feshi. Ba safa. Hagu.” Ya leƙa yana duba rubutun. “Ki sa lambata ta aiki, kada Manaja ya ɗora wa wancan bawan Allah. Dama fuskarsa irin ta masu laifi ce.”

Ta rubuta. Ta kai layin da ke ƙasa, inda ake bayanin yadda aka yi, ta ɗora bakin biro. Sai ya dafa takardar da yatsa.

“Wannan ki bar shi sai gobe.”

“Saboda me?”

“Akwai abin naɗin takarda a kan inji. An yi masa wanka tun sha ɗaya. In ya wuce ƙarfe biyu tsatsa za ta fara hawa, a koma farko. Awa ɗaya ce kawai. In gama shi, in wanke bindigata, in rataye. Gobe ki rubuta duk abin da kika ga dama, ki kai ni duk likitan da kika ga dama, ya ɗebi jinin har ya ƙoshi.”

Bai taɓa roƙonta komai ba. Ko ruwa ne umarni yake bayarwa. Kuma abin da ya nema kaɗan ne, awa ɗaya bayan shekara talatin da ɗaya, ya fita da ƙafarsa maimakon a fitar da shi da takarda. Ta duba takardar izinin aikin rana da ke ƙarƙashin fom ɗin, wadda ba a kunna bindiga sai da sa hannunta. Ta yi shekara huɗu tana sa mata hannu ba tare da ta karanta ba.

“Ba zan sa hannu ba, Baba.”

“Zan shiga da kujera.”

“A'a.”

“Ki tsaya a taga ki zuba mini ido. Da kin ga na yi wani iri ki kashe gas daga waje.”

“Kafin gas ya mutu daƙiƙa uku ne. Kai ka koya mini.”

“Ni na haife ki fa.”

“Shi ya sa.”

Ya kawar da kai. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa. Can nesa wani yana kankare ƙasan kula da cokali. Ta ƙarasa rubuta layin, kalma bakwai, da sauri har rubutun ya yi kama da na likita. Ta sa hannu. Ta jira ya yi faɗa, don faɗan zai fi mata sauƙi.

“Rubutunki har yanzu bai gyaru ba,” ya ce. Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, ta ga yadda ya tsaya ɗan jim kafin ya ɗaga ƙafa. “Kira mini Sabon-Zuwa.”

Sabon-Zuwa ya zo da sauran abinci a bakinsa, yana goge hannu a wando, da alamar wanda ya riga ya shirya ba da haƙuri kan laifin da bai sani ba tukuna. Baba ya miƙa masa hular kwano, sannan rigar fata.

“Abin naɗin nan naka ne.”

“Nawa, Maigida? Babban?”

“Akwai ƙarami ne? Ka ɗumama shi tukuna, kada ka yi masa rowar wuta. Zagaye na farko siriri. Kuma in ka kai ƙarshe kada ka tsaya kana tunanin 'ya'yanka, wuce ka dawo.”

“Kai fa, Maigida?”

“Injiniya ta kore ni.”

Sabon-Zuwa ya yi dariya, ya duba fuskokinsu, dariyar ta tsaya a hanya. Ya rungume hular a ƙirji kamar an ba shi jariri.

Ta kai wa Manaja rahoton. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce kamfani yana tare da iyalan a wannan lokaci, kamar an yi rasuwa. Sannan ya tambaya ko sandar za ta iya fita ranar Alhamis. Ta ce Jumma'a. Da ta fito da makullin mota a hannu, ta tarar da tsohon a tagar ɗakin feshi, inda ta tsaya ɗazu, hancinsa kusan a jikin gilashi. An kunna wuta a ciki.

“Ya yi kusa. Ja baya, kai! Ja baya!”

Gilashin mai kauri ne, an yi shi don kada ƙara ta fito, don haka ba ta shiga. Sabon-Zuwa bai ji komai ba. Ya kai ƙarshe ya wuce ya dawo. Kafaɗar Baba tana bin sa, hagu zuwa dama, dama zuwa hagu. Zagaye na biyu ya daina ihu. A na huɗu ya ja tsaki.

“Ashe ya iya. Shekara goma sha biyu yana ɓoye mini.”

“Mu je, Baba. Asibitin suna rufe karɓar kati ƙarfe uku.”

Ya bi ta. A fili Dogo ya ɗago hannu daga nesa, Baba ya yi kamar bai gani ba, sai da suka kusa mota ya juya ya ɗaga murya: “Danshi! Allah ya shirye ka, Dogo!” Dogo ya dafe ƙirji ya rusuna kamar an yi masa kirari.

Ta buɗe masa ƙofa, ya ce shi ba amarya ba ne, ya shiga. Ta sa masa bel, ya bari. Sun fita ƙofar masana'anta, sun wuce shagunan masu walda da wurin wankin manyan motoci. Hannuwansa suna kan cinya, a buɗe, kamar an ba shi ajiyarsu bai san inda zai sa ba. Sai da danja ta tsayar da su ya yi gyaran murya.

“Uwata.”

Ba a gida suke ba, amma ba ta gyara masa ba. “Na'am, Baba.”

“Ummanku fa. Maganar bokitin nan.”

“Kai za ka gaya mata.”

“Ke ce mai rubuta rahoto.”

“Na tashi daga aiki.”

Ya kalli jar fitilar, yana auna abin da ke jiransa a gida, wanda ga alama ya fi likita ba shi tsoro.

“To mu shiga tare,” ya ce. “Ki fara da sandar. Ki gaya mata yadda ta ɓare, da girmanta, da wahalar da aka sha a kanta. In kin ga ta fara jin tausayin sandar, sai ki shigo da ni a hankali.”

Danja ta ba da hannu. Na baya ya danna mata oda, don ta ɗan daɗe tana goge ido da bakin mayafi kafin ta sa giya.